Ku daina cewa kwaɗayi ne ya ja musu ciwon suga

Tun jiya raina yake a ɓace. An je dubiya, bawan Allah kwance ƙafa a kumbure, wani ya buɗe baki ya ce masa, "Ai kai ka ja wa kanka, bakinka ba ya hutawa." Waɗanda ke wurin sun ji. Wallahi zalunci ne.

Jama'a, ciwon suga irin na manya yakan faro ne idan tsoka da hanta suka daina jin maganar insulin, wato sinadarin da ke taimaka wa suga ya bar jini ya shiga sassan jiki. Sinadarin na nan a jini, amma suga ya kasa shiga inda za a ƙona shi. Sai fankiriyas, gaɓar da ke samar da insulin, ta yi ta ninka aiki shekara da shekaru har ta gaji. Ta wa ke saurin gajiya? A nan gado ya shigo. A 2006 masu bincike a Iceland suka gano wani sauyi a ƙwayar halitta mai suna TCF7L2 da ke ƙara haɗarin kamuwa, daga baya aka gano ɗaruruwan irinsa. A Greenland kuwa, a 2014, an samu wani a TBC1D4: wanda ya gaje shi ta uwa da uba, haɗarinsa ya ninka kusan sau 10, don da haka aka halicci tsokarsa. Shi ma kwaɗayi ne?

Na san za a ce, to ƙiba da zama wuri ɗaya fa? Ban musa ba. Binciken da aka fitar a Amurka a 2002 ya nuna rage ƙiba da motsa jiki sun rage kamuwa da kashi 58 cikin 100 ga masu haɗari. Wannan dalilin kama hannun mutum ne ku fita tattaki tare, bai ba ka lasisin gorin mara lafiya ba. Mutum biyu na ci a kwano ɗaya, ɗaya ya kamu, ɗaya lafiyarsa lau. Siriri nawa muka sani da ciwon?

Gorin nan ne ke sa mutane ɓoyewa, su ƙi gwaji, sai ido ya dusashe ko ƙoda ta taɓu. Ku ji tsoron Allah, ku bar su su ji da ciwonsu.

Wani abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya kuma, yawancin binciken nan a kan jinin Turawa aka yi shi. Sai a 2019 aka gano alaƙar wata ƙwayar halitta mai suna ZRANB3 da ciwon a cikin 'yan Afirka. Sauran da ke jikinmu wa zai nemo su?