Gubar dalma ta shigo lungunan Katsina, muna ta kallon Zamfara

Makon jiya na bi ta wani lungu a Sabuwar Unguwa, na tarar da samari biyu suna fasa tsofaffin batura da guduma. Ruwan batirin ya malala cikin kwata, an tara farantan dalmar gefe guda, ga yara zaune dab da wurin suna cin ƙosai da hannun da suka gama wasan ƙasa da shi. Da na yi magana, wani dattijo ya ce mini, "Haba Malam, ai gubar dalma ta masu haƙar zinare ce, can Zamfara."

Har yau maganar nan tana ci mini rai, don na san ra'ayin mutane da yawa ya faɗa.

Tun da aka cire tallafin mai a 2023 janareta ya gagari jama'a, duk mai hali ya koma sola. Madalla. Sai dai batirin da yawancinmu ke iya saye na dalma ne, kuma 'yan shekaru yake yi ya mutu. Fiye da rabin nauyinsa dalma ce, ƙarfe mai laushi da ke narkewa a zafin digiri 327, wanda wutar gawayi ma takan kai. Shi ya sa duk mai guduma da tsohuwar tukunya ya zama ɗan narka, a tsakiyar gidajen mutane.

Masu cewa abin na Zamfara ne sun tuna zinaren, sun manta abin da ya yi kisan. Yara fiye da 400 da suka mutu a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, ƙurar dutsen da ake niƙawa cikin gida ce ta kashe su. Ƙura dai ƙura ce, daga dutse ta fito ko daga batir. A Thiaroye, gefen birnin Dakar na Senegal, yara 18 suka rasu tsakanin 2007 da 2008. Babu ramin zinare a unguwar, fasa batura kawai ake yi.

Mutuwar ma ita ce ake gani a ƙirga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a kira marar illa, kuma cikin yaro yana tsotse ninki huɗu zuwa biyar na abin da cikin babba ke ɗauka. Ɓarnar da take yi wa ƙwaƙwalwa ba ta gyaruwa. Yaro ya yi ta ciwon ciki da ƙarancin jini, a ce shawara ce. Ya fara jijjiga, a ce iska ce, a nufi gidan mai ruƙiyya. Ya kasa riƙe karatu, a kira shi daƙiƙi, a bi shi da bulala kan laifin da ba nasa ba. Mace kuwa dalmar takan kwanta mata a ƙashi shekara da shekaru, in ta ɗauki ciki ta koma jini ta isa ga ɗan tayi. Ban ma taɓo batun kwallin dutse da ake rambaɗa wa jarirai ranar suna ba, wanda galibinsa dalma ne.

Za a ce sana'a ce, talaka na neman na tuwo. Neman abincin da ake biya da ƙwaƙwalwar ɗan maƙwabci zalunci ne, ko wane suna aka ba shi.

Hukumar NESREA mai tilasta bin dokokin muhalli ta ƙasa da ma'aikatar muhalli ta jiha su fitar da wannan aiki daga cikin unguwanni, masu sayar da batir su riƙa karɓar matacce idan za su ba da sabo. Masu unguwa sun san kowane lungun da ake buga gudumar nan. A fara da gwada jinin yaran da ke zaune kusa da su.