Lambar girmamawa ba ta buɗe boda

'Yan uwana matasa, duk ranar da gwamnati ta fitar da sunayen waɗanda za a rataya wa lambar girmamawa, kafin la'asar mun rabu gida biyu a Facebook. Waɗannan na cewa an zalunci gwaninsu, waɗancan na cewa an karrama ɓarawo. Ku tuna Oktoban 2024, da aka ba Shugaban Majalisar Dattawa GCON, aka ba Kakakin Majalisar Wakilai Tajuddeen Abbas CFR, lambar da ba ta kai GCON daraja ba. 'Yan majalisar suka tada jijiyar wuya, cikin 'yan kwanaki aka ɗaga tasa zuwa GCON. Su sun samu biyan bukata. Mu da muka ƙona data muna zagin iyayen juna fa?

Ban ce lambar ba ta da daraja ba. GCFR, lamba mafi girma a ƙasar nan, da aka ba marigayi Abiola a 2018 ta sanyaya zukata da yawa. Amma in lamba ta ratsa tsakanin ƙasa da ƙasa, abin tambaya shi ne me aka ƙulla a bayanta, kuma wa zai biya.

A Agustan 2022 Shugaba Bazoum na Nijar ya karrama wasu 'yan Najeriya, ciki har da Aliko Ɗangote da Abdussamad Rabi'u da gwamnonin Jigawa da Zamfara na lokacin. A kwanakin ne kuma labari ya fito cewa gwamnatin Buhari ta saya wa Nijar motoci na sama da naira biliyan ɗaya. Wasu suka fara yi wa Buhari gorin asali, mu kuma muka rama da ashar. Alhali akwai tambaya ta gaskiya a ciki: daga wane kasafi kuɗin ya fito, kuma majalisa ta sani? Mu ya kamata mu riga kowa yin ta, tunda mu ne maƙwabtan. Muka ƙi, don namu ne a kan kujera.

Shekara na zagayowa aka hamɓarar da Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023. ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta yanke wutar da Nijar ke dogaro da ita, aka garƙame iyaka. A Illela da Jibiya manyan motoci suka yi jerin gwano, direbobi na kwana a ƙarƙashinsu kan tabarma, albasa na ruɓewa a cikin buhu har wari ya hana tsayuwa kusa. Dillalan shanu a Maigatari suka zauna hannu rabbana. Wannan ita ce manufar harkokin waje in ta sauko ƙasa, kuma jihohi 7 ne na Arewa ke kan wannan iyaka.

Me ya hana a kai ga yaƙi? Ba zagin da muka yi ba ne. Sanatocin Arewa sun fito sun ce ba su yarda ba, Majalisar Dattawa ta ƙi goyon bayan amfani da soja, tawagar malamai ta je Yamai ta zauna da Janar Tchiani, jagoran sojojin da suka yi juyin mulkin. An janye takunkumin a Fabrairun 2024.

Don Allah ku soki gwamnati, haƙƙinku ne, ba cin amanar ƙasa ba ne. Amma ku soke ta da sani. Ku buɗe kundin tsarin mulkin 1999 ku karanta sashe na 19 kan manufofin hulɗa da waje, da sashe na 12 da ya ce yarjejeniya ba ta zama doka sai majalisa ta zartar. Kuma ku raba gwamnati da jama'a. Ina jin ciwo in ga yaron Katsina yana zagin 'yan Nijar baki ɗaya, alhali wataƙila kakarsa 'yar Maraɗi ce. Haka nan da Tchiani ya zargi Najeriya da haɗa baki da Faransa a Disambar 2024, gwamnati ta musanta, da yawanmu muka yi ta tura bidiyon da ba mu san asalinsa ba. Wanda zai amsa tambaya a kan wannan gaban Allah shi ne wanda ya danna turawa.

Ga aikin da ya fi gardamar lamba. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi an aza harsashinsa tun Fabrairun 2021, Nijar kuwa ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. A kan wace yarjejeniya kaya da fasinja za su riƙa ƙetarawa in an gama shi? Ku nemi ɗan majalisar mazaɓarku, ku haɗu ku rubuta masa wannan tambaya, ku ce ya amsa a rubuce.