Nashtifan: a raya sana'ar niƙa kafin injinan iska su zama kango

A gabashin Iran, dab da iyakar Afganistan, akwai garin Nashtifan a yankin Khaf na lardin Khorasan Razawi. A kan tudun da ke gefen garin aka jera injinan niƙa sama da ashirin waɗanda ba ruwansu da fetur ko lantarki. Da laka da ciyawa da katako aka gina su, mutanen wurin na kiransu asbad, kuma har yau wasunsu suna niƙa alkama.

Duk hikimar tana cikin sanin iskar wurin. Kowace shekara, daga ƙarshen Mayu zuwa Satumba, akwai wata iska mai ƙarfi da ake kira iskar kwana 120, tana busowa daga arewa ba ta sauya hanya. Sai magina suka bar tsaga a jikin bango, iskar ta matso ta ciki ta bugi fukafukan katako da ke kewaye da wani dogon gungume a tsaye. Gungumen ya ratsa har ɗakin ƙasa, shi ke juya dutsen niƙa kai tsaye. Tun a ƙarni na 10 malamin tarihi Al-Mas'udi ya ambaci irin waɗannan injina a yankin Sistan da ke kudu da Khorasan, kafin Turawa su fara gina nasu.

Gwamnatin Iran ta sanya su cikin kayan tarihin ƙasa a 2002, kuma a 2017 asbad suka shiga jerin wuraren da take neman UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta amince da su. Madalla da hakan. Amma takardar rajista ba ta yaɓe. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san abin da ke samun katangar da aka daina yi wa yaɓe, balle wadda iska ke dukanta wata huɗu a jere. Katako na buƙatar sauyi, dutsen niƙa kuma sai an riƙa sassaƙa shi idan ya yi santsi. Masu wannan sani tsofaffi ne, matasa kuwa sun kama wasu sana'o'i, kuma ba na ganin laifinsu, tunda injin zamani ya kwashe masu kawo niƙa.

Holan ta gano bakin zaren. Tun 1972 take da ƙungiyar masu niƙa 'yan sa-kai da ke horar da sababbi, har a 2017 UNESCO ta sanya sana'ar kanta cikin al'adun da ake karewa. Shi ya sa injinan iska 19 na ƙauyen Kinderdijk ke juyawa har yau.

Abin da ya kamata hukumar kula da kayan tarihi ta Iran ta yi ke nan. Ta ware wa masu niƙan da suka rage albashi, ta haɗa kowannensu da yaran da za su koyi aikin a hannunsa. Kuɗin da masu yawon buɗe ido ke kashewa a wurin, a cire kaso a sayi alkamar manoman yankin, a niƙa ta a Nashtifan, a sayar da garin alkamar da sunan Nashtifan.