Ranar da sulken Rumawa ya ƙi fita daga jikina

Ni fa kallo ne ya kai ni, wallahi kallo kawai. Wata Asabar ce na kwashi yara muka hau jirgin ƙasa daga Newcastle zuwa South Shields a nan Ingila, saboda akwai wani tsohon sansanin sojan Rumawa a can da ake ce wa Arbeia, kuma shiga kyauta ne, to ka san mu da kyauta. Muna shiga sai ga wasu turawa, yawancinsu masu tumbi irin nawa, sun sha sulke da kwalkwali suna fareti cikin yayyafi kamar an biya su. Ashe ba wanda ya biya su, sha'awa ce kawai, ranar Litinin wani direban bas ne wani malamin makaranta.

Da na yi shiru na kalla na tafi gida da duk wannan bai faru ba. Amma ina, baki shi ke yanka wuya. Na matsa kusa da wani dattijo a cikinsu, wanda daga baya na laƙaba masa Sarkin Yaƙi, na taɓa sulkensa na ce ai wannan mu gadonmu ne, a Katsina ranar hawan sallah 'yan sulke da 'yan lifidi sai ka gaji da ƙirga, baffana ma ya hau da shi yana saurayi. Idon mutumin nan ya kawo haske. Ya ja ni ciki ya nuna min dutsen kabarin wani saurayi mai suna Victor, ɗan arewacin Afirka da ya rasu a nan yana da shekara 20, ya ce kuma a ƙarshen zamanin Rumawa masu jiragen ruwa daga kogin Dijla na ƙasar Iraƙi ne aka girke a sansanin, sannan sarkin Rum Septimius Severus da ya mutu a garin York na Ingila a shekarar 211 haifaffen Libiya ne. Wato dai kada in ce ba ni da gurbi. Kafin in ankara na ba da lambar wayata.

A daren nan na hau intanet na yi odar kayan sojan Rum irin wanda kowa ya sani a fim, wannan mai falle-fallen ƙarfe a jere yana ƙyalli, da kwalkwali mai jan zanko a sama kamar zakara, da doguwar garkuwa mai kusurwa huɗu. Uwargida ta tambayi kuɗin na rage rabi na faɗa mata, duk da haka sai da ta yi salati. Ranar atisaye na shiga ina taku ɗai-ɗai ina jiran a tafa. Shiru. Sarkin Yaƙi ya zagaya ni sau biyu sannan ya ce, cikin ladabin nan nasu mai ciwo, kayan sun yi kyau sosai amma na yi sammako da kusan shekara 200. Su ƙarni na 4 suke kwaikwayo, daga lokacin da sojoji suka naɗa Constantine sarki a York a 306 har zuwa wajajen 410 da mulkin Rum ya ƙare a Birtaniya, kuma a lokacin an daɗe da jingine wannan falle-fallen. Ni dai na tsaya kamar wanda ya je ɗaurin auren jikarsa cikin kayan angoncinsa.

Sojan wancan lokacin ashe bai ma yi kama da na fim ba. Riga ce ta ulu mai dogon hannu da ado zagaye-zagaye a kafaɗa da wajen gwiwa, ga wando har ƙasa, ga faffaɗar ɗamara mai ƙarafan tagulla. Kwalkwalin ɓari biyu ne aka haɗe da ƙarfe a tsakiya, suna ce masa Intercisa da sunan wurin da aka tono irinsa a Hangari. Garkuwar kamar ƙwai take, kuma ba ka isa ka zana abin da ka ga dama ba, akwai wani kundi na wajajen shekarar 400 mai suna Notitia Dignitatum da ya jera rundunoni kowace da zanen garkuwarta, daga nan suke kwafa. Takobin dogo ne miƙaƙƙe mai kaifi biyu, na ce wannan kam ɗan'uwan namu ne. Sai wata 'yar hula zagayayya mara ado da suke sawa in ba a bakin daga suke ba, ita kaɗai ce na ɗora a kai na ji kamar ina gida, har na ɗan karkata ta, aka ce in gyara.

Saura sulke. Aka ce in saya, na ce haba, ɗan gado ya sayi sulke? Ni zan ƙera abina. Na sayo wayar shinge, in naɗe ta a jikin ƙusa mai kauri in bi da filaya ina yankewa zobe-zobe, kowane zobe ya ratsa cikin huɗu, haka ake saƙar. Sati shida ina abu ɗaya, yatsuna duk sun yi kanta, zobba a cikin kujera, zobba a cikin takalmin yara, har a cikin tuwo an tsinci ɗaya, kuma abin da na haɗa gaba ɗaya bai fi faifai ba, alhali riga guda tana cin zobe dubun-dubata. Na kai wa Sarkin Yaƙi da alfahari. Ya kama da hannu biyu ya ɗan ja, abin ya wage kamar tsohuwar taru. Ya ce na Rumawa layi ɗaya zobe ne da aka huda daga farantin ƙarfe ba shi da baki sam, layi na biye kuma kowane zobe an ɗaure bakinsa da 'yar ƙusa ƙanƙanuwa an daddake. Kowane ɗaya fa. Na tambaye shi su a ina suke samun wannan haƙurin, ya ce a'a su saya suke yi, yawanci a Indiya ake yin su.

Ƙarshenta dai na sayi kwance a hannun wani da ya yi ritaya saboda ciwon baya, wanda da ina da hankali da nan na tsaya na yi tunani. Kilo 11, ga tsatsa. Aka ce maganinta a zuba shi a bokiti da yashi da ɗan ruwan binega a rufe a yi ta mirginawa. Haka na yi ta tura bokiti da ƙafa a lungun bayan gidanmu, maƙwabciyarmu tsohuwa tana leƙe ta labule, da sanyi ya ishe ni na dawo da aikin cikin falo, kuma a nan murfin ya ga damar buɗewa, kan kafet. Wannan ɓangaren ba zan tsawaita ba, a kujera na kwana.

Ranar wasa ta zo. An gaya min a sa riga mai kauri ta cushe a ƙarƙashin sulke, kusan lifidi ke nan, na ce ba sai na ƙara kashe kuɗi ba, rigar ulun ta isa. An ce in ɗaure ɗamara tamau don ƙugu ya raba nauyin da kafaɗa, na sassauta ta saboda na ci ƙosai da safe. Minti ashirin da fara fareti na ji kamar na goya buhun siminti da igiya, kowane zobe sai da ya sa hannu a kafaɗata.

Sai aka zo jifan plumbata. Wasu gajerun kibau ne masu dunƙulen darma a wuya, wani marubucin Rum mai suna Vegetius ya rubuta cewa guda 5 soja ke maƙalawa a cikin garkuwarsa, namu dai na wasa ne masu kan roba. Ana wurga su ne daga ƙasa a sake su su yi sama su sauko kan abokan gaba. Ni kuma kafaɗa ta riga ta mutu, na makara wajen saki, kibiyata ta miƙe sama ɗoɗar kamar an aike ta. Wani ya ƙwalla ihu, rundunar Rum gaba ɗaya ta durƙusa kowa ya kifa garkuwa a ka, abar ta dawo ta sauka tim a kan ta Sarkin Yaƙi. 'Yan kallo suka ɓarke da tafi, sun ɗauka cikin shiri ne. Ɗana kuwa yana ta nuna ni yana gaya wa mutane babansa ne.

Da aka tashi kowa ya shiga tanti ya fito ba sulke, ni ban ga yadda suka yi ba, kuma bayan duk cika bakin gado ina zan iya tambaya? Na ɗora babbar kwat a kai na hau jirgi a haka ina ƙarar cokula.

A gida na ce bari in cire shi kamar riga. Na kama gindin na ɗaga sama, ya zo daidai kirji ya tattare, hannayena biyu suka maƙale a sama, kaina a ciki, ga gemu ya shiga cikin zobba, in na ja sama gemu, in na ja ƙasa kunne. Na yi ta kiran uwargida, ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, maimakon taimako sai na ji tana neman numfashi don dariya. Na ce Maman Abba don girman Allah la'asar na wucewa. Ta ce ai kai ɗan gado ne, bari a kira masu gadon. Sai ji na yi waya tana ringin, ta kira Baffa a Katsina ta bidiyo.

Ta cikin ramukan zobe nake hango fuskarsa, ya kawo ido dab da waya. Ya ce wane ne wannan a cikin raga? Aka ce ɗanka ne. Na ce Baffa barka da yamma, a haka, hannu a sama kamar an kama ɓarawo. Bai amsa gaisuwar ba, ya ce kai shashasha, wa ya ce maka ana cire sulke a tsaye? Kwance ɗamarar tukuna. Duƙa kamar za ka yi ruku'u, ƙara duƙawa, miƙa hannu ƙasa, to girgiza kafaɗa. Na duƙa ina girgiza kamar mai rawar Koroso, yara suna tafi, sai ji na yi suuu, kilo 11 ya zube ƙasa rim, har na ƙasanmu ya bugo silin da sanda. Wani yanki na gemuna ya bi shi.

Ina zaune ina haki Baffa ya ce to ina dokin? Na ce ai sojan ƙasa ne Baffa, a ƙafa muke. Ya yi shiru, sannan ya ce su da suka sa sulke doki ne ke ɗauke da su da shi, kuma mutum biyu ke shirya mahayi, ni wa ya aike ni in zama dokin kaina a ƙasar mutane? Kafin in ba da amsa na ji yana ƙwala wa Inna kira wai ta zo ta ga abin da boko ya koma.

Yanzu dai akwai wani wasan a watan gobe kusa da Ganuwar Hadrian, wadda Rumawa suka gina a arewacin Ingila, na lallaɓa uwargida ta ɗinka min lifidin da tsohon bargo. Ta ce za ta ɗinka, bayan na sayo sabon kafet.