Abu Najma a Cikin Ƙwarya

Ranar kasuwa ce a garin Mai Wurno na ƙasar Sudan, a bakin kogin Shuɗin Nilu, Jauro ya shigo maƙera ɗauke da ƙwarya rufe da faifai, ya tarar da Maƙeri da Alhaji Dillali suna shan shayi.

JAURO: Bawana, ajiye guduma ka karɓi aikin ubangidanka. Ƙaramar bindiga ce na gada wurin kawuna, na kwance ta na wanke, amma ta ƙi komawa yadda take.

MAƘERI: Kafin in taɓa, Ɗan Fulani, ka tabbata babu harsashi a cikinta? Irin wannan ba ta da makullin tsaro na kirki, kuma ban shirya barin marayu saboda gadon kawunka ba.

JAURO: Babu ko ɗaya, domin tun damina yara suka yi wasan dara da su.

MAƘERI: Subhanallahi! To, wannan tururuwa da ta yi layi a cikin bututun fa?

JAURO: Man shanu na shafa mata, sabon kaɗi, wanda ko surukina ban ba shi ba.

MAƘERI: Ƙarfe ba ya shan man shanu, domin yana daskarewa ya kama ƙura. Tsumma mai tsabta ake bi da shi ta bututun har ya fito fari, sannan a ɗiga ɗan mai marar kauri, ko da na keken ɗinki ne. Ina sifirin ɗinta?

JAURO: Wannan murɗaɗɗiyar wayar? Ina murɗa bakin bindigar ta yi tsalle ta wuce kunnena, ta nufi wajen garin Sinnar, ni kuwa ba na bin abin da ya guje ni in ba saniya ba.

ALHAJI: Miƙo mini mariƙin in gani. Tauraron nan shi ya sa Larabawa ke kiranta Abu Najma, wato mai tauraro, amma sunanta Tokarev. Rasha ta fitar da ita a 1933, tana cin harsashi 8, daga baya Sin ta kwaikwaya ta yi tata samfurin 54, wadda ta cika duniya har ta yi arha. Lambar da ke jikinta ce za ta nuna ta wacce ƙasa ce.

JAURO: Lamba kuma? Ai na ɗauka tsatsa ce, na goge ta tas da yashi da toka, yini guda cur.

ALHAJI: Sannu da ƙoƙari. Takardar lasisi fa?

JAURO: Kawu ya ajiye ta a cikin rufin bukka, gara ta riga ni gado.

ALHAJI: To, Jauro, babu sifirin, babu lamba, babu takarda, wanda duk ya saye ta ya sayi kwana a hannun 'yan sanda. Ka kai musu ita da ƙafarka, ni ban gan ta ba.

JAURO: Ni da na sa rai da bijimi biyu? Ka dai taya, Alhaji.

ALHAJI: Na taya. Juye ƙarafan a ƙasa, ina sayen ƙwaryar da sauran man a kan kuɗin zakara.

JAURO: Albarka! Ƙwaryar ta Inna Wuro ce, kuma ba ta san na fito da ita ba.