Jarumar da ba ta iya cewa a'a

Marubutanmu masu sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, da ku nake yau. Akwai wani wasa da ya daɗe da karɓuwa a ƙasashen waje: mutum ya rubuta bayanin jaruminsa, ya miƙa wa AI, wato manhajar kwamfuta mai amsa rubutu kamar mutum, ya ce masa daga yanzu kai ne wannan mutumin, sannan su shiga hira ana ƙirƙirar labari nan take. Wasan AI Dungeon ya fara jan hankalin mutane da irin wannan tun 2019. Character.AI, wanda Noam Shazeer da Daniel De Freitas suka kafa bayan sun bar Google, ya buɗe wa jama'a a Satumbar 2022. Masu amfani da manhajar SillyTavern kuwa har kati suke haɗawa, hoton jarumi ne da aka cusa bayaninsa a ciki: suna, hali, yanayin da ake ciki, maganar farko, da misalan yadda yake zance.

Ni a ganina amfanin abin ga marubuci ɗaya ne, yana tona asirin jarumin da ba shi da ƙashi.

Ku duba yadda muke siffanta jarumai. Fara ce, doguwa, mai dara-daran idanu, ga kunya, ga tarbiyya. Shi kuma miskili ne, ɗan mai kuɗi, ba ya son raini. In ka zuba wa na'ura wannan, abin da ka ba ta za ta dawo maka da shi, mutum mai siffa ba ruhi. Kafin ku yi nisa miskilin ya narke, yana ba ka haƙuri, yana tambayar ko ya ɓata maka rai. Dalili shi ne waɗannan manhajoji an horar da su su faranta wa mai magana da su, don haka duk inda ka ja nan suke bi. In ba ka rubuta abin da jarumar take so ba, da abin da take ɓoyewa, da abin da ko za a yanka ta ba za ta yarda da shi ba, to kowa ya zo za ta ce masa to.

Wurin misalan magana shi mutane suka fi rainawa, alhali shi ya fi aiki. Jimla biyar daga bakin jarumar sun fi shafi guda na siffantawa.

Sai batun al'ada, wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Ka ce wa AI ya zama uwa Bahaushiya, in ba ka yi hattara ba sai ka ji tana kiran ɗan farinta da sunansa gatsal, tana faɗa masa irin son da take yi masa a gaban mutane. Suruka ta zauna tana zazzage wa sirikinta abin da ke ranta. Kara, alkunya, habaici, shirun da ya fi magana zafi, duk sai ka rubuta su dalla-dalla a cikin bayanin, domin mafi yawan rubutun da ya koya daga gare shi ba namu ba ne. Kuma ko ka rubuta, in hira ta yi tsawo yakan manta farkonta, saboda akwai iyakar abin da yake iya riƙewa a lokaci guda.

Shi ya sa ban yarda a kwashe hirar a liƙa ta a matsayin babi ba. A gwada jarumi da ita, a ga inda yake lanƙwasa, a koma a gyara da hannu.

Iyaye kuma kada a ɗauka wasan yara ne. Bayan ƙarar da wata uwa ta shigar a Florida a 2024 kan mutuwar ɗanta mai shekara 14, da wasu ƙararrakin da suka biyo baya, Character.AI ya hana 'yan ƙasa da shekara 18 irin wannan buɗaɗɗiyar hira tun Nuwamban 2025. Sauran manhajojin ba duka suka bi sahu ba, kuma yaro mai waya a hannu ba ya rasa hanyar kai wa gare su.