Gara Mutuwar Gwen Ɗaya Da Ta Rabin Duniya

Jama'a, ni fa mutuwar jaruman littattafan komik ta daina ba ni tausayi. A kashe mutum, a taru a yi ta kuka, bayan 'yan watanni ka gan shi ya dawo da sabuwar riga kamar wanda ya je aski.

A ƙarshen 1992 kamfanin DC ya kashe Superman. Wani dodo mai suna Doomsday ya yi wa ƙungiyar jarumai ta Justice League kaca-kaca, sannan shi da Superman suka jibgi juna har lahira a titin birnin Metropolis. Jaridun Amurka suka ɗauka, mutane suka yi layi a shaguna. Shekarar 1993 ba ta ƙare ba sai ga gogan naka, har da doguwar suma. Thanos ma, wani mugu a labaran kamfanin Marvel, a 1991 ya shafe rabin halittu, kafin labarin ya ƙare an mayar da kowa gidansa. To wa zai ɓata hawayensa?

Abin da ya tsaya min a rai ba yaƙin taron dangi ba ne. Littafin Amazing Spider-Man ne lamba 121, na 1973, wanda Gerry Conway ya rubuta yana ɗan shekara 20. Green Goblin, abokin gabar Spider-Man, ya ture Gwen Stacy, budurwar Spider-Man ɗin, daga saman gada a New York. Peter, wato Spider-Man, ya harba zarensa na gizo-gizo ya cafko ƙafarta, yana jawo ta yana yabon kansa. Amma kusa da wuyanta an sa wani ɗan mitsitsin rubutu na ƙarar karyewa, wanda idan kana sauri ba za ka lura da shi ba. Tsayawar da ta yi farat ɗaya ce ta karya mata wuya. Kai mai karatu ka riga ka sani, shi kuwa bawan Allah yana ta yi mata magana.

Shekaru da dama Marvel suka kasa warware wannan mutuwar. Sai dai su kawo kwafinta, ko wata Gwen daga wata duniyar kamar yadda suka yi a 2014.

Kada ma a ce ina yi wa labarin kara. Ya buɗe mummunar ƙofa: marubuta suka mayar da kashe budurwar jarumi hanyar ragwaye ta tunzura shi. Duk wanda basira ta ƙare masa sai ya nemo mace ya jefar, kuma har yau ba su daina ba.